Mai Yi wa Tanimu Barci

Tun da aka fito da zoben barci, direbobin dare suka daina runtsawa. Kowane direba yana da mai kwana a madadinsa, direban ya samu hutun, mai kwanan ya ga mafarkin. Na Tanimu wani tsoho ne a Funtuwa, Baba Ilu.

Da hantsi Tanimu ya ajiye tirelarsa a bakin titi, ya shiga zauren tsohon da ƙullin goro.

"Baba, ta zo?"

Mahaifiyarsa yake nufi. Ta rasu yana hanyar Fatakwal, ko jana'iza bai samu ba.

"Ta zo, tana tsintar wake a faifai. Kuma ta kira sunanka."

Tanimu ya ajiye ƙullin goron. Shi ɗan fari ne, saboda kunya ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai "kai wannan".

"Da bakinta? Yaya ta faɗe shi?"

Tsohon ya gyara murya ya gwada, ya girgiza kai. "Ba haka ba ne, ɗana. Cire zoben nan, ka kwana da kanka ko sau ɗaya."

Tanimu ya murza zoben da ya riga ya nutse cikin naman yatsarsa. Wanda ya cire, ya bar tuƙi ke nan.

"In ta sake kira, Baba, ka amsa mata."

Baba Ilu ya sunkuyar da kai. "Na amsa. Tana jin muryata, ta ja mayafi ta fita."