Askin Likita

"Sunkuyo, ka buɗe idon sosai," in ji likita.

Mai aski ya sunkuya yana ƙunƙuni. Shi a wurinsa idonsa garau yake, matarsa ce ta jawo shi dole. Masu zuwa aski sun ragu, amma ai mutanen yanzu ba su san gwani ba.

Likita ya ce baƙin idonsa ne ya yi tsini, tabarau ba zai yi masa ba. Ya cika wani ɗan gilashi mai kamar ƙoƙo da ruwan magani, ya manna masa a ido. Ya sa masa na biyu a ɗaya idon.

Mai aski ya ɗago yana ƙifce-ƙifce. Tabɗi! Ashe agogon bango yana da lambobi.

Sai idonsa ya sauka a kan likita. Ya tuntsire da dariya har da dukan cinya.

"Likita, wane mugu ne ya yi maka wannan aski? Kamar ɓera ya yi kiwo! Wallahi a rufe shagonsa!"

Likita ya cire safar hannu a hankali.

"Kai ne, shekaranjiya. Ina duba madubi na roƙi matarka ta kawo min kai."