Wancan Yaron na Birnin Gwari

Muntasir ne ya riƙe makullin motar, kuma tun kafin su bar unguwar jami'arsu ta Lembah Pantai abin ya tsaya wa Tajuddeen a wuya. Su biyu ne ɗaliban digirin dakta da za su raka Farfesa Maitama garin Raub, tsohuwar mahaƙar zinare, amma ɗaya aka miƙa wa makulli ba tare da an ko tambaya wa ya iya tuƙi ba.

Farfesa bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba. Bincike ya kawo shi, a kan rigimar masu haƙar zinare da jami'an Turawan mulki, lokacin da aka ce ƙasa ta gwamnati ce aka riƙa yanka ta ana sayar wa kamfanoni, masu wanke ƙasa a rafi suka wayi gari an ce su ɓarayi ne a ramin da suka gada. Yana son ya gwada abin da ya faru a nan da wanda ya faru a Birnin Gwari. Mataimaki ɗaya yake nema. Shi kuwa Tajuddeen tallafin karatunsa ya ƙare, bizarsa na dab da mutuwa. In bai sami gurbin nan ba, Kano zai koma ba digiri.

Abin haushin, a baki dai Tajuddeen ne ɗan gaban goshi. "Malam Tajuddeen, me ka gani a nan?" "Malam Tajuddeen, madalla." Muntasir kuwa ko sunansa Farfesa bai damu ya riƙe ba. "Kai, tsaya a nan." "Ce wa wancan yaron ya ɗauko jaka." Ko kallonsa ba ya yi.

To amma wa ke da kaset-kaset ɗin hirar da Farfesa ya yi da tsofaffin mahaƙa tun yana saurayi? Wancan yaron. Wa matar Farfesa, Hajiya Walida, take yi wa tapau, wato ƙunshin tuwo, duk Juma'a? Wancan yaron. Ranar da suka je gaisuwa gidan Farfesa a unguwar Taman Melati, Tajuddeen yana tsaye a ƙofa yana jera sallama, Muntasir ya riga ya shige kicin ya ɗauko kofuna. Fadanci iya fadanci!

Kishi ya hana Tajuddeen sakat. Ya daina karatu, ya koma nazarin Muntasir. Wata rana da la'asar ya ja shi mamak, wurin masu shayi, ya saya masa shayin madara da ake kira teh tarik, ya yi ta bugun cikinsa.

"Kakata ce ta rene ni a Birnin Gwari," in ji Muntasir. "Tun yaye aka kai ni. Babana yana can yana karatu a waje. Sai da na girma muka fara zama wuri ɗaya, har yanzu ma ba wata hira muke yi ba."

Tajuddeen ya girgiza kai kamar mai tausayi, a ransa kuwa murna ce fal.

Ranar Asabar Farfesa ya kira su cin abincin rana. Ana gamawa ya dubi bango ya ce, "Wani ya je kedai ya sayo ruwa." Muntasir ya miƙe ya fita zuwa kantin. Hajiya Walida tana kwashe kwanuka.

"Malam Tajuddeen, maganar gurbin nan ce," in ji Farfesa.

Tajuddeen ya ce a ransa, shi ke nan. An fitar da ɗan lele don a lallashe shi a ba shi haƙuri ke nan. Wallahi ba zai zauna a yanka shi yana murmushi ba.

"Ranka ya daɗe, kafin ka yanke, akwai abin da ya kamata ka sani." Ya ce Muntasir yana kwashe hirarrakin kaset yana zubawa a kundin digirinsa kamar shi ya yi su. Ya ce a gaban mutane yakan ce tsohon ya tsufa, aikin ya fi ƙarfinsa. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce, amma da ya ga Farfesa ya sunkuyar da kai sai bakinsa ya ƙara zaƙi.

"Ni ban ma ga laifinsa ba. Yaron da bai sami tarbiyyar uba ba, me za ka tsammata? Da bakinsa ya gaya mini. Uban ya jefar da shi wurin tsohuwa ya tafi yawon boko. Irin waɗannan iyayen, ranka ya daɗe, Allah ne kaɗai zai yi musu hisabi."

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Na kira ka ne in ce maka gurbin naka ne," ya ce a hankali. "Dama can ba zai yiwu in ba wancan ba. Amma yanzu sai na sake neman wani." Ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Tajuddeen ya bi ƙofar da kallo. Ya juya wurin Hajiya Walida. "Hajiya, don Allah me na faɗa? Mutumin da ko sunan yaron nan ba ya iya tunawa?"

Ta ajiye kwanukan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai Bahaushen ina ne? Ni ba ni na haife shi ba, don haka bakina zai iya faɗa. A ina ka taɓa jin uba ya kira sunan ɗansa na fari?"