Fayil Ɗin da Ya Ƙi Injiniya

"Ba ki da izinin buɗe wannan fayil."

Karo na bakwai ke nan manhajar hirar ofis tana gaya wa Injiniya haka. Ita da ke kula da kwamfutocin kamfanin, ita ke ba kowa izini! Manaja ya tura fayil a guruf, kowa ya sauke, har direba, ban da ita.

Ta fita daga manhajar, ta sake shiga. Ta kashe kwamfuta, ta kunna. Shiru.

"Anti, bar shi mana, ba wani abu ba ne," in ji sakatariya, tana danne dariya.

"In bar shi? Shekara goma ina aikin nan, fayil bai taɓa gagarata ba."

Ta ture shayinta gefe, ta bi ta saitin manhajar, ta cire takunkumin da kanta. Fayil ya buɗe:

"Injiniya, sau huɗu muna tura miki gayyatar walimar cikarki shekara goma a bakin aiki, ko buɗewa ba ki yi ba. Mun san sai an kulle za ki karanta. Ɗago kanki."

Ta ɗago. Duk ofis na tsaye bakin ƙofa, Manaja riƙe da kek.