Maɓalli Marar Suna

Karo na tara ke nan da matarsa ta goge masa farar rigar nan don zuwa gwajin ɗaukar aiki. Wuyan rigar ma ya fara gajiya da guga.

Shekara shida da idanunsa suka tafi, amma yatsunsa ba su manta da kwamfuta ba. Yana da manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, da wata murya mai gudu kamar ana korarta. Aku matarsa take kiranta. Mai ido in ya saurara, ko kalma ɗaya ba ya tsinta.

Aikin na shigar da bayanan masu kiran waya ne, kuma shugabar sashen ce da kanta ta karɓe shi a ofishinta. Ba ta finciki hannunsa ba, yadda aka saba yi masa.

"Malam, kujera na damanka, taku biyu. Akwai kwandon shara a gefenta, ka kula."

Ya ji daɗin wannan har cikin ransa. Ya kunna Aku a kwamfutar gwajin, tana zuba yatsunsa na bi, ya gama kashin farko tun lokaci bai yi rabi ba.

Sai aka zo kan sabon tsarin da kamfanin ya sayo. Ya danna, Aku ta ce, "Maɓalli." Ya matsa gaba. "Maɓalli." Waɗanda suka ƙera abin sun ƙawata shi da hotuna, amma ko ɗaya ba su sa wa suna ba. Wanne ne na ajiyewa, wanne ne na gogewa, oho. Ya yi shahada ya danna na uku, aikin minti arba'in ya bi iska.

"Na huɗun ne," in ji shugabar a hankali, daga can bayan teburinta.

"Ranki ya daɗe, a ba ni mako guda, wallahi zan haddace su."

"Duk wata suke sauya musu wuri, Malam," in ji ta. "Daga Litinin kowa a nan da shi zai yi aiki. Kowa. Ba zan iya ɗaukarka ba."

Masu ido ke nan, ya ce a ransa, sun iya tausasa murya in za su kore ka. Ya laluba sandarsa ya miƙe, yana tunanin da wane baki zai faɗa a gida.

Ita ma ta miƙe za ta raka shi, ta manta da abin sauraron da ke kunnenta. Igiyarsa ta fizge daga kwamfutarta, sai murya ta cika ofishin. Aku ce sak, har ta fi tasa gudu, tana karanta mata layin da ta tsaya a kai a wasiƙar da take rubutawa: "Tun da manhajar da ke yi mini karatu ba ta iya karanta sabon tsarin, ina baƙin cikin ajiye aikina daga ranar Litinin."