Laujen Baba Ari

Ina ɗan shekara sha huɗu ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan gonakinmu na shinkafa a gefen Auyo, mai unguwa ya kira samari gayya. Tun azahar na faɗa ruwa ina yanka ba ji ba gani. Kafin la'asar tulin ciyawata ya ninka na Sabo, ɗan baffana, wanda yake ta lalube a laka kamar mai neman kifi.

Baba Ari, tsohon masuncin da ke jagorantarmu, ya zo a kwalekwale. Ya wuce tulina, ya tsaya wajen Sabo.

Ya ce, "Wannan a ƙarƙashin ruwa ya yanke ta, ruɓewa za ta yi." Sai ya dube ni. "Kai kuwa, ɗana, aski ka yi mata."

Ya miƙa wa Sabo laujensa mai ƙota naɗe da baƙar roba. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa.

Yau ni ke tara samarin unguwarmu, kuma maganar tsohon nake koya musu. Amma in na je gidan Sabo, baya nake ba wa bangon da ya rataye laujen.