Suwic ɗin Ofis

"Wannan suwic ɗin na ofis ne," na ce. "Bai dace da injunanmu ba, zafin tukunya zai kashe shi."

"Kai da wace takarda?" in ji injiniya, yana dariya. Ajinmu ɗaya a sakandare a Gwandu. Shi ya wuce jami'a, ni na ƙare a ɗaurin wayoyi a kamfanin shinkafa na hanyar Kalgo.

Suwic ɗan akwati ne, ta cikinsa kwamfuta ke umartar tukunyar turara shinkafa ta rage wuta. Na ɗaura shi yadda injiniya ya ce. Ban gaya wa manaja ba. So nake suwic ɗin ya mutu a gaban kowa, in ga fuskar mai takarda.

Sati uku ina shafa akwatin kullum, zafinsa na ƙaruwa, ina jin daɗi.

Ranar Talata da hantsi fitilunsa suka ɗauke. Umarni bai isa ba, tukunya ta yi ta ci har ƙauri ya cika wurin. Na fito ina murmushi.

A ƙofa na tarar da Inna. Shekara talatin tana turara shinkafarta a gida, ba ta taɓa ƙona ta ba. Ni na matsa mata ta kawo noman bana daga Dalijan. Ashe ranar layi ya zo kanta, shinkafarta ce a tukunya.

Ta damƙi baƙar tsabar, ta shinshina, ta dube ni.

"Ɗan nan, duk cikinku babu wanda ya san zai lalace?"