Kukar Gonar Wada

Fari ya kama ƙasar Gobir shekaru a jere, kowa fuska a murtuke, amma ban da Wada mai tufkar igiya, mutumin wani ƙauye gab da Burkusuma. Rijiyoyi sun yi nisa, ruwa ya gudu can ƙasa, kowane guga na neman ƙarin igiya. Ranar kasuwar garin Isa, kafin ya gama sauke kaya makiyaya sun wawashe.

Shi Wada mutum ne mai mafarki ido biyu. Da rana tsaka zai zauna gindin kukar gonarsa yana murza zare a cinya, sai ka ga idonsa ya tafi. Can cikin hucin da ke rawa bisa fako yakan hango wani farin raƙumi, nasa na kansa, ɗauke da naɗin igiyoyi, yana takawa a hankali ya nufi Maraɗi. Yana ganin inuwarsa, yana jin ƙamshin geron da zai dawo da shi. Wallahi wani lokaci har hannu yake ɗagawa, yana gaida ayarin da babu shi.

To, kukar nan ita ke riƙe da gidansa. Rumbu ya daɗe da zama fanko. Busasshen ganyenta da matarsa Tasalla ta adana shi ake kaɗawa da 'yar dusa, a ba yara, a ba Inna Habi, tsohuwar da ta haife shi. Kowa ya zuba ido kukar ta sake toho, don kuka kan ciyar da mutane tun gero bai kai gwiwa ba.

Masu ɗibar ɓawon kuka don tufkar igiya a yankin suna da ƙa'ida. Gefe ɗaya ake sara, iyakar tsayin mutum, a bar ɗaya gefen yana kai wa itace ruwa. A shafe raunin da laka da kashin shanu, a ƙyale shi shekaru ya warke. Wada ya san haka sarai, a hannun ubansa ya koya. Amma da ɓawon gefen farko ya ƙare, ga masu saye na bin sa har gida, sai ya ɗauki gizago ya zagaya baya. Da nan ma ya ƙare, ya kafa turaku a jikinta ya hau sama. Laka kuwa, ina ya ga lokacinta?

Wata rana Inna Habi ta dogara sanda ta iso gonar. Ta tarar da kuka fari fat, an tuɓe ta daga gindi har rassa.

"Kai ɗan nan, mi kaka yi ma itacen ga? Cikin wanga fari?"

"Haba Inna, kuka ba ta mutuwa. Ko an zagaye ta, sai ta maida ɓawonta. Bari in samu raƙumi, za ni kawo miki gero har ki ce ya isa."

"Shekarar ruwa ke nan take maidawa. Bana da mi za ta maida shi?"

Wada ya yi dariya, idonsa na can bisa fako.

Abin da igiya ta kawo, tsadar hatsi ta lashe shi tas. Raƙumi ko ƙurarsa ba a gani ba.

Da Allah Ya kawo damina, kukokin ƙauyen suka yi kore shar. Ta Wada shiru. Kullum sai ya je ya ɗaga kai yana neman toho, yana ce wa kansa gobe ne. Ran nan bayan wani ruwa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa gaba ɗaya, ta zama tulin ruɓaɓɓen zare. Abin tausayi, ko itacen girki ba a samu a jikinta ba.

Maƙwabta sun taimaka da ganye, amma kowa da bakunan da ke jiransa. Tasalla ta riƙa shiga daji neman tafasa, ta dawo da abin da bai cika tafi ba. Inna Habi kuwa ta ɗauki wata dabara: in an miƙa mata ƙwarya sai ta ce ta ƙoshi, ta tura wa jikoki. Ba wanda ya lura sai da ƙafafunta suka kumbura.

Gero na fitar da kai Inna Habi ta cika. Da aka dawo daga maƙabarta, Wada ya zauna ƙofar ɗakinta ya kasa haɗa ido da kowa. Tasalla ta ajiye masa ruwa, ta ce a hankali, "Malam, saura kaɗan fa ta ga sabon hatsi." Nan ya fashe da hawaye a gaban 'ya'yansa.

Jama'a, itacen da ke ciyar da ku yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. In za ku ɗebi ɓawo, ku ɗebi gefe ɗaya, ku rufe raunin, ku ba shi lokaci. Wanda kwaɗayin yau ya sa ya kashe itace, iyalinsa ne za su ji yunwar gobe.